Allon ƙanƙara a kan yashin Kanem: inda na kai da saitin kusurwar ƙafa

7 Disamba 2024

Salam 'yan uwa. Yau na fara aikin allon zamiya kan ƙanƙara (sinobod) da nake son hawa a kan yashin Kanem gadan-gadan, zan riƙa rubuta abinda nayi da lambobin da na samu don wanda zai zo bayana kar ya fara daga farko.

Allon na wani bature ne da muka kai Ennedi, can arewa maso gabashin Cadi, bara, ni ke tuƙa motar, ya zo dashi ne don ya gwada tuddan yashi a hanya, da zai koma gida sai ya bar min shi duka da maɗaurin ƙafa da takalman. Ba irin sinobod ɗin da kuke gani yara na tsalle dashi a bidiyo bane, wannan shi ake kira alpin, dogo ne siriri, hancinsa kaɗai ya ɗaga, wutsiyar a yanke take. Na auna tsawonsa santimita 163, ƙugunsa wato inda yafi tsukewa santimita 19 kacal. Takalman na roba ne mai tauri har ƙwauri, maɗaurin kuma faranti ne da ƙarfe biyu, ɗaya ya riƙe dunduniya ɗaya ya danne wajen yatsu da hannun kullewa. An yi shi ne don abu ɗaya, ka kwantar dashi a kan kaifinsa ya yanka ƙasa ya zagaya da kai ba tare da wutsiya ta share gefe ba. Irinsa ake tsere dashi a Olamfik, tun 1998 a Nagano da aka fara saka sinobod, daga 2002 kuma aka maida tseren na mutum biyu gefe da gefe. Ester Ledecká 'yar ƙasar Cek da irin wannan allon ta ci zinare a 2018, a gasar da ta kuma ci zinare a ski, wato zamiyar da ake yi da sirarun alluna biyu, kowace ƙafa da nata.

Mu nan Cadi ba ƙanƙara, yashi ne Allah ya hore mana, kuma ba mu muka fara ba. A Huacachina ta Peru da Swakopmund ta Namibiya sana'a ce ma, a Jamus akwai tudun yashi a garin Hirschau da ake kira Monte Kaolino, tsayinsa wajen mita 120, har gasar duniya anyi a kai. Toh abinda ya tsaya min yanzu shine ta wace kusurwa zan ɗaura ƙafafuna.

Don mu fahimci juna: idan ƙafarka ta gitta allon sak, digiri sifili kenan. Duk yadda ka karkata yatsu zuwa hanci lambar na hawa, 90 shine ƙafa ta miƙe da allon. Masu faffaɗan allo da takalmi mai laushi da yawansu gaba 15 baya 15 ta ɗaya gefen suke sawa. Masu alpin kuwa duka ƙafa biyu gaba suke kallo, yawanci tsakanin 45 da 65.

14 Disamba 2024

Na kai allon shagon Baba kafinta na bakin layinmu, mutum ne mai son duk abinda ya shafi awo, yana ganinsa ya ajiye abinda yake yi. Yace "yaro kawo takalmin tukun, ai ba allon za ka fara aunawa ba." Muka auna tafin takalmin daga baya zuwa gaba, santimita 30 cif. Faɗin allon a daidai wajen ramukan noti ya ɗan fi ƙugu, 20 da rabi.

Ga lissafin, kuma inaga nan ne gaba ɗaya maganar take. Takalmi mai tsawon 30 ba zai zauna a gicciye kan allo mai faɗin 20 ba, dole ka karkata shi har ya shige ciki. Faɗin da yake ci shine tsawonsa sau kosinus na kusurwar, wanda yayi lekol, wato boko, ya tuna. A 45 yana cin 21 da ɗan kai, a 50 yana cin 19.3, a 55 yana cin 17.2, a 60 kuma rabin tsawonsa, 15. Amma kar lambar ta ruɗe ka don takalmi ba sanda bane, yana da faɗi a baki da dunduniya ga kuma ƙarfen maɗaurin, sai ka ƙara wajen santimita 4 zuwa 5 a kai. Idan yatsu ko dunduniya suka leƙo waje, kana kwantar da allon su za su fara taɓa ƙasa, su ɗaga kaifin, allon ya kuɓuce maka a tsakiyar kwana.

Baba bai tsaya dogon lissafi ba, ya ɗora allon kan tebur muka kulle takalmin a ciki, ya ɗauko sukwayarsa ya jingina da kaifin allon a tsaye yana jan ta daga gaba zuwa baya, duk inda ta ci karo da takalmi yace "nan ya fito." A 50 ya fito fiye da santimita ɗaya kowane gefe. A 55 saura kamar rabin santimita. A 57 sukwayar ta wuce tana ɗan shafarsa kawai. Muka tsaya nan don ƙafar baya. Faifan tsakiyar maɗaurin lambobinsa sun goge da yashi, sai da muka aro ma'aunin kusurwa na jikan Baba muka ja layi da fensir a kan allon.

Ƙafar baya ake fara saitawa, don ita ce mai ƙaramar lamba, ita za ta fara leƙowa. In ta shige ta gaba ba matsala.

Wani abu kuma, ba kusurwa kaɗai ba, sai ka daidaita takalmin a tsakiyar faɗin allon. Tubalan gaba da baya na maɗaurin suna matsawa, in ka tura duka gaba yatsu za su fito dunduniya ta nutse ciki, sai kaga gefe ɗaya na kamawa da wuri ɗayan na jinkiri. Mun ɓata lokaci sosai a nan kafin ya zauna daidai.

19 Disamba 2024

Gwaji kan tabarma a tsakar gida. Hagu ce ƙafata ta gaba. Na sa gaba 60 baya 57, tazara daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar faifai santimita 50. Na tsaya na durƙusa na miƙe, ƙugu da ƙirji suna kallon hancin allo da kansu ba sai na murɗa ba, wannan yayi. Amma gwiwar baya na matsowa tana neman shiga bayan ta gaba, sai naji kamar a kan layi ɗaya nake tsaye ba inda zan dogara. Na maida gaba 63, bambanci ya zama 6, nan take naji ƙugu ya sake. Yawancin masu alpin bambancin 3 zuwa 6 suke bari tsakanin ƙafafun, kuma dalilin a jiki yake, ka tsaya haka kawai ka dubi ƙafafunka zaka ga yatsun sun ɗan buɗe waje, ba wanda ke tsayuwa da sawu biyu a jere sak.

Hajiya ta fito ta ganni tace "kai dai ka sa hular kwano in za ka hau abin nan", nace insha Allah Hajiya, ta kalando ɗina, wato babur ɗin haya, na nan.

4 Janairu 2025

Mao, babban garin Kanem. Mun taso daga Njamena ta Massaguet, Massakory, Ngouri, na sauka gidan kawuna mai fataucin kanwa. Ƙanena na tare dani. Da asuba bayan sallah muka fita bayan gari, sanyin hunturu na shiga ƙashi, kuma lokacin ne yashi yafi kyau don a daskare yake bai saki ba, rana na ɗagawa zai yi laushi ya kuma ɗau zafi, takalmin roba kuwa ba'a zama cikinsa da rana.

Abu na farko da yashi ya koya min bai shafi kusurwa ba. Ƙasan allon nan an yi shi ne don ƙanƙara, a kan yashi nauyi yake, in ba'a goga masa kyandir ba ko motsi ba zai yi ba. Kowace sauka sai ka goga kyandir ka murza da yashi har yayi sheƙi, in ka kai ƙasa ya cinye, ka hau ka sake. Kuma gefen tudu mai gangara sosai, wanda iska ke zubo yashi a kai, shi kaɗai ke bada gudu, shi ma ba ya wuce digiri 32 zuwa 34 don busasshen yashi iyakar tsayuwarsa kenan, in ya wuce haka zubewa yake. Ɗaya gefen da iska ke bugawa yafi tauri amma a kwance yake.

Da 63 da 57 na sauka. Ɓangaren yatsu wlh ya kama, na tura gwiwoyi cikin kwana allon ya kwanta ya zagayo dani, da na hau sama na waiwaya sawun siriri ne kamar an ja wuƙa a kan tuwo, ba faffaɗan shara ba. Wannan sawun shine alƙali, duk abinda kaji a jikinka ka koma ka duba shi. Ɓangaren dunduniya kuwa wutsiya na sharewa, sawun ya buɗe ya kai faɗin taku guda.

Wani abin da ya bambanta da abinda na saba gani: a wannan kusurwar ba danna yatsu da dunduniya kake ba, gefen ƙwauri ke aiki, kana tura gwiwa da ƙugu dama ko hagu takalmin na ɗaukar ƙarfin yana kaiwa kaifi. Wanda ya saba da faffaɗan allo sai ya sake koyo.

5 Janairu 2025

Iska ta taso da ƙura tun dare, ba'a ganin tudun ma. Na zauna na kwance maɗaurin duka na busa ramukan noti, yashi ya cika su. Notin M6 ne, ramukan huɗu-huɗu santimita 4 tsakaninsu. Biyu sun saki saboda girgizar hanya. Duk wanda zai ɗauko allo a bayan mota ya zo da turnabis, abin ɗaure noti, a aljihu, kuma kar ya musanya noti da wanda yafi tsawo, zai tokare ƙasan allon ya kumbura shi daga ciki.

7 Janairu 2025

Na koma kan matsalar dunduniya. Ƙanena ya tsaya ƙasa ya ɗauke ni da waya, muka zauna muka kalla a hankali. Abu biyu muka gani. Na ɗaya, yashi na nutsewa, allon na shiga ciki wajen yatsa biyu ko uku, don haka takalmin da ya tsallake gwajin sukwaya a tebur anan yana jan yashi, kana ganin ƙura na tashi daga dunduniyar baya ba daga kaifi ba. Wannan bai cika faruwa a ƙanƙara mai tauri ba inda kaifin kaɗai ke shiga. Na biyu, ƙafar gaba na miƙewa ta baya na lanƙwashewa, nauyi na zubewa baya fiye da kima.

Na ɗaga baya zuwa 60 gaba 65 in gani. Jan yashin ya ragu sosai, gaskiya ne, amma sai juyawa daga kaifi zuwa kaifi ya zama aiki, allon baya amsawa da wuri, kuma da gudu ya ragu a gindin tudu sai kaji kana layi ba abin tokarewa. A ƙanƙara mai gudu wataƙila ba za'a ji haka ba, amma mu saukarmu gajeriya ce, kwana uku ko huɗu ka kai ƙasa, ba ka da filin jira allo yayi shawara. Shi yasa nake ganin kwafar lambar wani gwani ba ta da amfani, shi da nasa allon da nasa takalmin da tasa ƙasar. Ƙa'idar da zan bi ita ce mafi ƙanƙantar kusurwar da takalmi ba zai taɓa ƙasa ba, daga nan a ƙara kaɗan don nutsewar yashi. Na dawo 63 da 58, na kuma matsar da takalmin baya 'yan milimita zuwa wajen yatsu don dunduniyar ta ƙara shigewa, tunda yatsun suna da sauran fili.

Kawu da yazo kallo da yamma yace "ɗana, kana canja abu biyu lokaci guda, ta ina za ka san wanne yayi aiki?" Maganarsa dutse. Daga yau abu ɗaya a kowace fita, kuma digiri 2 ko 3 kawai.

18 Janairu 2025

Njamena. Maganar weji. A cikin jakar da baturen ya bari akwai wasu 'yan robobi masu gangara da ban kula dasu ba, ashe na ɗaga ƙafa ne. Ana sa ɗaya ƙarƙashin yatsun ƙafar gaba, ɗaya ƙarƙashin dunduniyar ƙafar baya. Dalili, takalmin a karkace yake gaba tun daga masana'anta, in ka buɗe ƙafa santimita 50 kuma duka suna kallon hanci, ta gaba na tura ka gaba ta baya na neman ɗaga dunduniya, sai cinya ta ɗauki wahalar. Wejin na gyara wannan, ka tsaya a tsakiya ba tare da kokawa ba. Akwai kuma wanda ke karkata takalmi ciki ta gefe, amma shi yafi amfani in kusurwa ƙarama ce, a 60 ɗaga gaba da baya ne ke aiki don ƙafafun kusan a jere suke da tsawon allon.

Na sa su na tsaya kan tabarma, bambancin a fili yake, na iya durƙusawa ƙasa sosai dunduniya bata ja ba. Har naji zan iya ƙara tazara zuwa 51 amma na bari, abu ɗaya a lokaci.

1 Fabrairu 2025

Ƙanena ya samo takalman ski a gwanjon kasuwar Dembe, mai su bai ma san na mene bane, jaka uku ya bashi. Sun shiga maɗaurin lafiya bayan mun matso tubalan. Tafinsu santimita 28 ne don ƙafarsa ƙarama ce, kuma shi dama ce ƙafarsa ta gaba, sai mun juya komai. Muka koma wajen Baba da sukwaya. Nashi ya shige a 54, inda nawa sai 57. Allo ɗaya, gida ɗaya, santimita 2 na takalmi ya kawo bambancin digiri 3. Muka sa masa 60 da 55.

Sai dai takalmin ski yafi na sinobod tauri, baya lanƙwasa gaba sosai kuma gefe ko kaɗan, don haka mun bar ƙullin sama a sake.

9 Fabrairu 2025

Mao kuma. Wannan karon da weji, 63 da 58, tazara 50. Alhamdulillah ɓangaren dunduniya ya fara kamawa. Ba kullum ba, amma in na riƙe hannun baya a gaba inda ido ke ganinsa, na tura ƙugu cikin kwana maimakon in zauna baya, sawun na fitowa siriri har ƙarshe. In kafaɗa ta buɗe ta koma gefe shikenan wutsiya ta tafi. Wato saiti ya kai inda zai kai, sauran na jiki ne.

Ƙanena da 60 da 55 yafi ni saurin juyawa, a fili ake gani, ga shi bashi da nauyi allon baya nutse masa kamar ni. Yaran unguwar kawu sun biyo mu suna ɗaukar mana allon zuwa sama, wani cikinsu ya nuna mana tudun da ba ƙarangiya a gindinsa, don faɗuwa cikin ƙarangiya ba wasa bane. Kuma a riƙa zazzage takalmi kafin a sa ƙafa saboda kunama.

Na duba ƙasan allon da yamma, yashi ya fara cinye shi, yayi fari-fari da zane a tsaye, kaifin ƙarfen ma ya dushe. Allon nan ba zai daɗe a wannan aikin ba, kuma gaskiya sirantarsa ce ke tilasta min 58, ba jikina ba. Ina so in ji yadda 45 take.

22 Fabrairu 2025

Mun yanke shawara da Baba za mu yi namu allon. Allunan yashi na gaske da Formica ake lulluɓe ƙasansu, irin wadda ake sawa a tebur, tafi jure yashi kuma tana karɓar kyandir, Baba na da ragowarta a shago. Jikin kuma falankin fulawud siriri za mu haɗa hawa-hawa da gam mu danne a kan mazubi don hancin ya ɗaga.

Daga kusurwa muka faro awon wannan karon. Ina son ƙafar baya a 45, takalmi na cin 21.2, a ƙara 4 na baki da ƙarfe, 25 kenan a wajen noti, don haka ƙugu 24. Gaba zata zama 51. Don lanƙwasar gefe wadda ita ke sa allo zagayawa in an kwantar dashi, mun ɗauki da'ira mai nisan mita 9 daga tsakiya, a tsawon santimita 120 da zai taɓa ƙasa zurfin lanƙwasar ya fito santimita 2 kowane gefe, wato hanci da wutsiya 28. Baba ya kafa ƙusa uku a kan kwali, biyu a ƙarshe ɗaya a tsakiya, ya lanƙwasa siririyar sanda a jikinsu ya bi da fensir, layin ya fita tsaf. Tsawon duka 145 muka tsayar, gajere yafi sauƙin ɗauka zuwa saman tudu.

Abinda ya rage shine mazaunin noti, irin mai fuka-fuki da ake nutsawa ta ƙasan katako kafin a manna Formica, M6, guda 16 don in samu damar matsar da tazara gaba ko baya. Na zaga wajen masu kayan ƙarfe anan ban samu girman ba, jibi zan tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusuri ta Kamaru in duba. Azumi na shigowa farkon Maris, zafi kuma na biye dashi, don haka mannawa da dannewa za muyi cikin azumin da dare, gwaji a Mao sai bayan sallah in an samu safiya mai sanyi. Tsohon allon na bar shi a 63 da 58 na rubuta lambar da fenti a wutsiya, na ƙanena 60 da 55 a ƙarƙashinta.